Tambaya da Amsa: An Hana 'Yata Gurbin Karatu, Shin Kotu Za Ta Ƙwato Mata?

Tun da manyan makarantu suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata ga batu guda, wato yaran da suka ci jarrabawa amma ba a ba su gurbi ba, da iyayen da ke tambayar ko doka tana da abin da za ta yi musu. Na zaɓi guda huɗu, na kuma cire sunayen masu su da na makarantun da suke ƙorafi a kansu, domin ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba.

Tambaya ta farko, daga wani mahaifi a Gwale:

Assalamu alaikum, Barista. 'Yata ta ci maki 281 a jarrabawar JAMB, tana kuma da kiredit a dukkan darussan kimiyya. Ta nemi karatun likitanci a wata jami'ar tarayya, sai aka ce ta koma sashen nazarin sinadarai, alhali ƙawarta da suka yi aji ɗaya, wadda makinta bai kai nata ba, ta samu likitancin. Shekara ta biyu ke nan ana yi mana haka, yarinyar ta daina cin abinci sosai. Ina da ɗan fili a bayan gari, na yi niyyar sayar da shi in ɗauki lauya. Shin kotu za ta iya tilasta musu su ba ta gurbin?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanyaya maka, ya kuma ba yarinyar nan haƙuri. Roƙona na farko shi ne ka dakata da batun filin nan tukuna, domin akwai matakai da ba sa cin kuɗi waɗanda ya wajaba a taka kafin a doshi Babbar Kotun Tarayya da ke Gyaɗi-Gyaɗi, kuma su ne za su nuna mana ko akwai ƙarar da za ta tsaya da ƙafarta.

Zan fara da abin da ba shi da daɗin ji. A dokar ƙasar nan, yawan maki shi kaɗai bai zama haƙƙin samun gurbi ba. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta yi ƙoƙarin samar da damar ilimi daidai wa daida ga kowa, sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Ban da wannan, alƙalanmu sun daɗe suna kama kansu daga shiga abin da suke ɗauka hurumin malaman jami'a ne. A shari'ar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2005, an tabbatar da cewa majalisar malaman jami'a ce ke da ta cewa a kan wanda ya cancanci digiri. Alƙali ba zai zauna ya zaɓi wanda ya fi dacewa da aikin likita tsakanin yara biyu ba.

To, mene ne haƙƙin 'yarka? Haƙƙinta shi ne a auna ta da mudun da aka shelanta, kuma a auna ƙawarta da wannan mudun. Duk wanda ya taɓa shiga Dawanau ya san cewa ba a ƙarar mai hatsi don ya tsawwala farashi, amma ana ƙararsa idan yana da mudu biyu, ɗaya na sanayya ɗaya na baƙo. Wannan ne abin da kotu ke iya dubawa: shin makarantar ta bi ƙa'idar da ita da kanta ta sanar, ko ta karkace? Shin an nuna bambancin ƙabila, ko jiha, ko addini, ko jinsi, wanda sashe na 42 ya haramta?

Saboda haka, kafin mu ce an yi zalunci, sai mu tabbatar da cewa ba ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ne ya raba yaran biyu ba. Yawancin jami'o'i ba sa aiki da makin JAMB zalla. Suna haɗa shi da sakamakon jarrabawar tantancewa da suke yi da kansu, wasu kuma har da darajar kiredit na WAEC ko NECO, ta yadda mai 255 zai iya wuce mai 281 idan aka yi jimilla. Sannan jami'o'in tarayya suna raba guraben kashi uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin zamani. Idan takardar asalin ƙawarta ta wata jiha ce daban, wataƙila ba a layi ɗaya suka tsaya ba, ko da kuwa a benci ɗaya suka zauna shekara shida. Akwai kuma adadin ɗaliban da hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa ta yarje wa kowace jami'a ta ɗauka, wanda ba ta da ikon wuce shi komai yawan masu maki. Abu na ƙarshe, wanda ya fi ba ni takaici domin ƙarami ne amma yana kayar da yara da yawa, shi ne rashin ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB. Yarinya ta kai takardunta shagon intanet, an karɓi kuɗi, ba a ɗora ba ko an ɗora da kuskure, na'ura kuwa ba ta ganin wanda ba shi da sakamako. Ka sa ta buɗe shafinta a gabanka yau ɗin nan ku duba.

Idan an duba duka ba a ga dalili ba, sai a koma ga alƙalami. Ka rubuta wa magatakardan jami'ar wasiƙa, ka ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumomin tarayya kwana 7 su amsa. Kada ka tambayi takardun ƙawarta, domin doka ta kare bayanan sirrin mutane, kuma ba ka buƙatar jefa yarinyar mutane cikin rigimar da ba ita ta haddasa ba. Ka tambayi abu uku kawai: jimillar makin 'yarka kamar yadda suka lissafa, rukunin da aka auna ta a ciki, da mafi ƙarancin makin da aka ɗauka a wannan rukuni a sashen likitanci. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Alhaji wane ya ce zai yi magana da wane, wannan ba hujja ba ce a gaban alƙali. Takarda mai hatimi ita ce hujja. A daidai wannan lokaci ku shigar da ƙorafi ta shafin JAMB, domin tun 2017 duk wani gurbi na halal ta manhajarsu ta CAPS yake bi, makaranta ta gabatar da suna su kuma su amince, kuma an gina tsarin ne musamman don a iya ganin inda aka tsallake mai maki aka ɗauki na ƙasa da shi. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, ita ma tana da ofis a Kano, kuma ba ta karɓar ko sisi.

In amsarsu ta nuna cewa 'yarka ta haura makin ƙarshe na rukuninta amma aka tsallake ta, ko kuma suka yi gum suka ƙi amsawa, to a nan ne lauya yake da abin riƙewa. Zai iya neman kotu ta bayyana cewa an saɓa ƙa'ida, ta kuma umarci makarantar ta sake duba takardun yarinyar bisa ƙa'idar. Amma ka riƙe wannan da kyau: babban abokin gabarka a irin wannan shari'a shi ne lokaci. A 1988 wata yarinya 'yar asalin jihar Ogun mai suna Adeyinka Badejo ta ci maki 293 a jarrabawar shiga kwalejojin sakandare na gwamnatin tarayya, ba a kira ta ganawar tantancewa ba saboda makin da aka yanke wa jiharta ya fi haka, alhali an kira yaran wasu jihohi da ba su kai ta ba. Mahaifinta ya kai ƙara a madadinta. Kotun farko ta ce yarinyar ba ta da hurumin shigar da ƙarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tana da shi, amma ta ƙara da cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe tunda an gama tantancewar. Sai a 1996 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, ba tare da an taɓa zama an yanke hukunci a kan ainihin tambayar ba, wato ko an nuna mata bambanci. Shekara takwas ke nan. Yarinyar da ke neman aji ɗaya ta riga ta wuce shekarun sakandare gaba ɗaya. Haka kuma dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba da wata uku kacal a ƙalubalanci matakin da hukuma ta ɗauka, ko da yake wannan iyaka ba ta shafi ƙarar da aka shigar ƙarƙashin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 ba. Lauyan da ya san aikinsa zai shigar da ƙara kafin a rufe ɗaukar ɗalibai, ya kuma roƙi a gaggauta saurare.

Game da sashen sinadarai da aka ba ta, ku zauna da ita da mahaifiyarta ku yi shawara kafin ta danna karɓa, domin da zarar ta karɓa a CAPS ta fita daga layin sauran gurabe na wannan shekara. Ni dai, da 'yata ce kuma amsar magatakarda ta nuna an bi ƙa'ida, ba zan so ta yi shekara ta uku a ɗaki tana jiran ƙofa ɗaya ba.

Tambaya ta biyu, daga wani matashi a Fagge:

Barista, barka da aiki. A Kano aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, Hausa ce harshen da nake mafarki da shi, amma takardar asalinmu ta wata jiha ce a kudu maso yamma, inda sau biyu kawai na taɓa zuwa. Duk lokacin da na nemi gurbi ana auna ni a matsayin baƙo. Na ji an ce kotun Amurka ta soke irin wannan rabon gurabe. Me ya hana a yi haka a nan? Wani kuma ya ce zai samo mini takardar asalin wata ƙaramar hukuma a nan Kano.

Amsa:

Ƙanena, bari in fara da maganarka ta ƙarshe domin ita ce mai haɗari. Kada ka karɓi takardar da aka samo ta bayan fage. Ranar da aka gano, ko kana aji huɗu, makaranta tana da ikon korarka, kuma a ranar ba ni da abin da zan faɗa wa alƙali a madadinka. Idan kana ganin ka cancanci takardar, ka neme ta da sunanka na gaskiya ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, ka faɗi tarihin gidanku yadda yake.

Abin da ka ji game da Amurka gaskiya ne, amma yana da tarihi. A 1978 Kotun Ƙolinsu ta duba ƙarar Allan Bakke, wani farar fata da makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ƙi ɗauka sau biyu, a lokacin da ta ware kujeru 16 cikin 100 ga tsiraru. Kotun ta ce ware adadi irin wannan ya saɓa doka, ta umarci a ɗauke shi, amma ta bar ƙofa a buɗe cewa ana iya duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwan da ake aunawa. A kan haka aka zauna shekara 45, har ranar 29 ga Yunin 2023, lokacin da kotun ta rufe wannan ƙofa a shari'ar Jami'ar Harvard da ta Karolina ta Arewa. Ka lura cewa an shigar da waɗannan ƙararraki ne tun 2014, kuma ƙungiya ce mai kuɗi da lauyoyi ta ɗauki nauyinsu, ba ɗalibi guda da kuɗin aljihunsa ba. Hukuncin kuma bai da iko a kan kotunanmu.

A nan gida ma an gwada. A 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a ƙarar da babban lauya Olisa Agbakoba ya shigar, ta ce yanke wa kowace jiha makinta daban wajen shiga kwalejojin tarayya ya saɓa wa sashe na 42. Masu kare tsarin kuwa suna jingina da sashe na 14(3), wanda ya ce a tafiyar da al'amuran gwamnatin tarayya ta yadda kowane yanki zai ga kansa a ciki. Rabon gurabe na jami'o'i yana nan yana aiki har yau.

Tunda ka tambaye ni, ga ra'ayina. Tsarin nan ba don son zuciya aka ƙirƙiro shi ba. An buɗe makarantar sakandare ta mishan a Legas tun 1859, a Kano kuwa sai a 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko ta farko a Nasarawa, ita ma ta matakin farko ce. Tazarar shekara hamsin ba ta gushewa don an yi fatan ta gushe, kuma da an bar maki kaɗai ya yi hukunci tun farko, da jihohi da dama sun daɗe ba su ga likita ɗan ƙasarsu ba. Wannan na yarda da shi har zuciyata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake gane wanda ke baya. Yau yaron da ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje da kwamfuta yana cin gajiyar rangwamen da aka yi domin yaron ƙauye wanda ajinsu ba shi da malamin lissafi, don kawai takardar asalinsu ɗaya ce. Kai kuma da ka zauna a ƙasa a makarantar gwamnati a Fagge tare da 'ya'yan maƙwabta, ka sha irin wahalar da suka sha, an ce kai baƙo ne saboda garin kakanka. Da a ce makarantar da yaro ya yi da wurin da ya tashi ake dubawa, da taimakon ya fi isa ga masu shi. Sashe na 15(3) ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a duk inda yake, sai dai shi ma yana cikin babin nan na biyu.

A aikace, ƙofarka mafi faɗi a yanzu ita ce kashi 45 ɗin nan da ba ya tambayar jihar kowa, tare da jami'o'in tarayya da jiharku ta asali ke cikin kewayensu.

Tambaya ta uku, daga wata uwa a Hotoro:

Barista, ɗana yana amfani da keken guragu tun yana ƙarami sakamakon shan inna. Ya cika duk sharuɗɗan karatun kimiyyar kwamfuta a wata makarantar tarayya, amma a wurin tantancewa wani jami'i ya ce masa ɗakin kwamfutocin a bene yake, don haka ya nemi wani fanni. Sunansa bai fito ba.

Amsa:

Hajiya, a cikin wasiƙun nan huɗu taki ce ta fi ƙarfi a gaban doka. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta hana mutum wani abu saboda nakasarsa, ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta kuma bar wa wanda aka zalunta damar neman diyya. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Bene matsalar makaranta ce, ba ta ɗanki ba. A sauko da aji ƙasa ko a gina hanyar hawa.

Wahalar kawai ita ce da baki jami'in ya faɗa, ba a rubuce ba. Ɗanki ya zauna yau ya rubuta ranar, da wurin, da kalmomin da aka faɗa masa, da sunan duk wanda ke tsaye a wurin ya ji. Ku aika wa shugaban makarantar, ku ba da kwafi ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Sau da yawa shugabannin ba su ma san abin da aka faɗa a teburin tantancewa ba, kuma wasiƙa irin wannan tana isa a gyara.

Tambaya ta huɗu, daga wata ɗaliba a Ƙofar Ruwa:

Barista, an ba ni gurbi, na biya kuɗin rajista, na yi wata biyu ina shiga aji. Kwatsam na ga sunana a allo cikin waɗanda aka janye wa gurbi bisa zargin takardun bogi. Babu wanda ya kira ni ya tambaye ni, kuma wallahi sakamakona na gaskiya ne.

Amsa:

'Yata, matsayinki ya bambanta da na mai neman gurbi, domin ke an riga an ba ki, kuma abin da aka ba mutum ba a ƙwace shi bisa zargi ba tare da an ji ta bakinsa ba. Wannan shi ne ruhin sashe na 36. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da hannu a tarzomar 1983, saboda ba a yi musu adalcin saurare ba, ga shi kuma shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Zargin takardar bogi zargin laifi ne, ya fi ƙarfin a yanke shi a kan allon sanarwa.

Ki fara da tabbatar da cewa gurbin naki ya fito a CAPS kuma kin buga takardar shaidarsa daga JAMB, domin idan wani ne ya samo miki shi ta gefe, maganar ta canza. Idan yana nan, ki sayi katin duba sakamako ki buga naki kai tsaye daga shafin hukumar jarrabawar, ki haɗa da rasiɗin kuɗin da kika biya, ki rubuta wa magatakarda cewa kina neman a gaya miki takardar da ake zargi, a kuma ba ki rana ki kare kanki. Ki sa kwanan wata, ki karɓi hatimi. Idan mako biyu ya wuce shiru, ki tafi da mahaifinki ko wani babba ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Kano, ku nemi a roƙa miki umarnin wucin gadi da zai ba ki damar ci gaba da shiga aji kafin jarrabawar zangon farko ta zo.